Yadda Muka Nemi Tallafin Ƙungiyar Masana Kimiyya Don Ranar Binciken Ɗalibai

A yawancin sassan kimiyya, ɗalibi kan kwashe shekara ko fiye yana fama da bincike, ya rubuta kundi, ya tsaya gaban malamai uku ko huɗu ya kare shi, daga nan kuma magana ta ƙare. A ɗaure kundin, a kai ɗakin karatu, a jera shi cikin 'yan'uwansa. Sau da yawa wanda ke aiki a teburin da ke kusa da naka a ɗakin gwaje-gwaje bai san takamaimai abin da kake nema ba, balle ɗan wani sashe. Wannan ya daɗe yana damun mu, mu 'yan digiri na biyu, har muka soma maganar ware rana guda da kowa zai fito da aikinsa fili, a kuma gayyato wani masani daga wata jami'a ya yi lacca. Niyya muna da ita, ɗakin taro ma tsangaya ta ce za ta ba mu kyauta. Kuɗin kawo baƙo da na buga fastoci, wato manyan takardun da ɗalibi zai baje aikinsa a kai, ne ba mu da su.

Malamin da ke duba aikina ne ya ce mu rubuta wa ƙungiyar masana kimiyya ta jami'ar. Na sha ganin sunanta a ƙasan sanarwar laccoci, amma ban taɓa tsayawa na tambayi su wane ne ba. Ashe ba ofishin jami'a ba ne. Ƙungiya ce ta malamai masu ci da waɗanda suka yi ritaya, da tsofaffin ɗalibai, da wasu mutanen waje masu ƙaunar ilimi. Suna biyan kuɗin shekara, wasu su ƙara da gudummawa, wasu ma su bar wasiyya, kuma daga wannan asusu ake ɗaukar nauyin ƙananan abubuwan da manyan hukumomin tallafin bincike ba sa waiwaya: tikitin mai lacca, buga littafin tsakure (taƙaitaccen bayanin kowane bincike), kyautar ɗalibin da ya fi iya bayani. Irin wannan haɗuwa tsohuwar aba ce a duniyar kimiyya. Royal Society ta Landan kanta, a watan Nuwamba na 1660, mutum 12 ne suka zauna bayan wata lacca da Christopher Wren ya yi, suka ce ya kamata su riƙa haɗuwa kowane mako. A Amurka kuwa, ƙungiyar Sigma Xi da aka kafa a Jami'ar Cornell a 1886 tana ba ɗalibai ƙaramin tallafin bincike tun 1922. Tamu ba ta kama ƙafar waɗannan ba, amma tunanin ɗaya ne.

Fom ɗin bai da tsawo, tambayoyinsa ne ke da nauyi. Mene ne manufar taron, a cikin sakin layi ɗaya. Su wa za su amfana. Wane ne kuma ya saka hannu a aljihu ban da ƙungiya. Kasafin kuɗi dalla-dalla, kowane layi da takardar farashi daga wanda zai yi aikin. Sai wasiƙar goyon baya daga cikakken mamba. A bayan fom ɗin an jera abin da ƙungiya ba ta biya: abinci da abin sha, kayan tsaraba, ladan mai lacca, sayen na'urori, da duk wani abin da aka riga aka kashe kafin kwamiti ya amince. Wannan na ƙarshe shi ya kamata duk mai nema ya fara karantawa, domin kwamitin ba kullum yake zama ba. Idan ka bar zama ɗaya ya wuce, sai ka jira watanni, kuma ba za ka iya cewa bari in sayi tikitin baƙo yanzu a mayar mini daga baya ba. Don haka daga ranar zaman kwamiti muka soma lissafin ranar taro, ba daga ranar da ta yi mana daɗi ba.

Sharaɗin wasiƙar mamba da farko ya yi mini kama da shinge da aka gitta wa wanda ba shi da kowa. Har yanzu ina ganin yana iya zama haka idan ɗalibi bai dace da malami mai sauƙin kai ba. Amma akwai hikima a ciki. Ɗalibi zai gama ya tafi, mamba yana nan, shi za a tambaya idan rahoto bai zo ba. Kuma tun asali ta wannan ƙofa aikin matasa ke isa gaban manya. A 1835, lokacin da Charles Darwin yana ɗan shekara 26 a cikin jirgin ruwan Beagle, malaminsa John Henslow ne ya ɗauki wasiƙun da yake aiko masa ya gabatar da su ga ƙungiyar masana ta Kambirij, wadda shi Henslow yana cikin waɗanda suka kafa ta a 1819. Kafin saurayin ya dawo gida, masana sun san sunansa. Malamina ya rubuta mana tamu wasiƙar, amma sai da ya karanta kasafin layi-layi, ya ce ba zai sa hannu a kan abin da ba zai iya karewa ba.

Kafin mu miƙa, sakataren ƙungiya ya ba ni shawarar in nuna wa ma'aji daftarin. Farfesa ce a fannin ƙididdiga, ta yi ritaya, tana zuwa ofishin ƙungiyar sau ɗaya a mako. Na miƙa mata kasafi, ta ajiye shi gefe, ta ce jadawalin ranar take so. Jadawalinmu irin wanda kowa ya saba gani ne: isowar manyan baƙi, gabatar da babban tebur, jawabin maraba, jawabin shugaban tsangaya, jawaban fatan alheri, lacca, hotuna, sai fastocin ɗalibai bayan an dawo hutu. Ta ɗauki fensir tana rubuta mintoci a gefen kowane layi, ta haɗa jimilla biyu, ta juyo mini da takardar.

"Ɗana, duba nan. Wannan lokacin da manya za su yi magana ne, wannan kuma na ɗalibai. Ranar wa ka ce sunanta?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, idan ba a ba su dama sun yi jawabi ba, ba za su zo ba. Idan ba su zo ba kuma, ba wanda zai ɗauki taron da muhimmanci."

"Su zo su yi tambaya," in ji ta. "Ka ba kowannensu fastoci biyar ya duba, ya ba da maki. Wanda ya zo ya yi jawabi, da ya sauka zai tafi. Wanda ka ba takardar maki sai ya tsaya ya saurari yaro."

Wannan magana ita ta juya taron gaba ɗaya. Muka taƙaita buɗewa zuwa minti 10, muka dawo da fastoci da safe lokacin da jama'a ke cike, muka tura lacca ƙarshe domin ta riƙe mutane. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani babba a tsangayar ya aiko a tambaye ni ko mantawa aka yi da sunansa a jerin masu jawabi, sai da malamina ya je da kansa ya yi masa bayani, ya roƙe shi ya shugabanci alƙalai. Ya karɓa, kuma a ranar babu wanda ya kai shi daɗewa a gaban fastoci.

A zaman kwamiti ba a daɗe da ni ba. Tambayoyin da suka fi tsaya mini biyu ne. Ɗaya: yaya za a zaɓi ayyukan da za a nuna, kuma me zai hana abota shiga ciki. Ɗayar: idan aka ba ku rabin abin da kuka nema, me za ku fara yankewa. Na biyun ba tarko ba ne. So suke su san ko mai nema ya san ƙashin bayan taronsa. Na ce za mu haƙura da buga littafin tsakure a takarda, mu sa shi a intanet, amma ba za mu bar ɗalibi ya biya kuɗin buga fastarsa ba, domin da zarar an ce kowa ya biya, masu hali ne kawai za su fito. Wasiƙar amincewa ta zo da ƙasa da abin da muka nema, tare da sharuɗɗa: lacca ta zama a buɗe ga kowa ba tare da kuɗin shiga ba, a sa sunan ƙungiya a sanarwa, a kawo rahoto da asalin rasitai cikin wa'adin da aka ɗiba.

Daga nan aikin gaske ya soma. Muka fitar da kira ga ɗalibai su aiko da tsakure da bai wuce kalma 250 ba: tambayar binciken, hanyar da aka bi, abin da aka gano, da abin da hakan ke nufi. Mutum ɗaya cikinmu ke karɓa, ya cire suna da sashe, ya sa lamba, sannan ya raba wa masu dubawa biyu-biyu, kuma ba a ba malami aikin ɗalibinsa. Abin da ya fi yawa a tsakuren da suka zo shi ne dogon share fage da alkawarin cewa za a tattauna sakamako a wurin taro. Duk muka mayar da irin waɗannan, muka ce a rubuta sakamakon da lambobinsa, ko da bai yi daɗi ba.

Abubuwa biyu suka taso a wannan mataki waɗanda fom ɗin bai ambata ba, kuma duk mai shirin irin wannan taro ya kamata ya sa su a ransa. Wani ɗalibi ya aiko da aiki mai kyau da ya yi da bayanan marasa lafiya, amma da aka nemi takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, sai ya ce tana hanya. Ƙa'idar bincike a kan ɗan Adam, wadda ta samo tushe daga Sanarwar Helsinki ta 1964 da gyare-gyaren da suka biyo baya, ita ce a sami amincewa kafin a fara, ba bayan an gama ba. Dole muka ajiye aikinsa. Ya yi fushi ƙwarai, ni ma abin ya taɓa ni don na san wahalar da ya sha, amma babu yadda za a liƙa bayanan mutane a bango ba tare da wannan takarda ba. Na biyu, wasu ɗalibai sun ƙera wata 'yar na'urar tace ruwa, malaminsu kuma yana shirin neman haƙƙin mallakar ƙirƙira. Fasta a bainar jama'a bayyanawa ce. A ƙarƙashin dokar Turai, abin da ka riga ka bayyana ya daina zama sabo, yayin da Amurka ke ba mai ƙirƙira rangwamen shekara 1. Sai aka daidaita: su nuna sakamakon gwajin ruwan, su ɓoye zanen cikin na'urar.

Batun mai lacca bai ba mu wahala ba. Mun rubuta wa wata masaniya a fannin ingancin ruwan sha, muka faɗa mata gaskiya cewa babu lada, sai tikiti da masauki. Ta amsa da tambayar su wa za su zauna a gabanta. Muka ce daga ɗan aji ɗaya har farfesa, da ɗaliban sakandare, da duk wanda ya ga sanarwa ya shigo. Sharaɗin buɗe ƙofa da ƙungiya ta kafa ya ƙara mana aiki, don sai da muka nemi ɗaki mafi girma, muka yi magana da masu gadi kada su tare baƙi. Amma ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. A 1812 wani mai koyon ɗaure littattafai ya sami tikitin sauraron laccocin masanin sinadarai Humphry Davy a Royal Institution da ke Landan. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗaure shi da hannunsa, ya aika wa Davy yana neman aiki. A 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaje-gwaje. Michael Faraday ke nan, wanda daga baya ya zama shahararren masanin lantarki. Mai shirya lacca ba shi da hanyar sanin wanda ke zaune a layin baya, abin da ke hannunsa kawai shi ne kada ya rufe ƙofa.

Fastoci mun tsayar da girman A0, wato milimita 841 da 1189, kuma muka ce duk rubutun da ba a iya karantawa daga taku biyu, a ƙara masa girma ko a cire. Wannan kaɗai ya tilasta wa mutane zubar da rabin kalmominsu. Ga waɗanda suka fi son magana kuma muka aro tsarin minti 3 da Jami'ar Queensland ta Ostiraliya ta fara a 2008: hoto ɗaya tak a majigi, ba ya motsi, kuma da lokaci ya cika an tsayar da kai. Mun yi gwaji kafin ranar, kuma gwajin ya kusa fin taron amfani. A nan ne ɗan sashen lissafi ya ce wa ɗan sashen sinadarai bai gane ko kalma ɗaya ba, shi kuma ya koma ya sake gina bayaninsa tun daga tushe.

Akwai wata ɗalibar ajin ƙarshe da ta zo mini ana gobe taro ta ce a cire sunanta. Ta gwada ko jiƙa iri a ruwan gishiri mai sauƙi kafin shuka zai sa ya fi jure ƙasa mai gishiri, kuma ba ta ga wani bambanci tsakanin wanda aka jiƙa da wanda ba a jiƙa ba. A ganinta aikin ya faɗi, ba ta son ta tsaya gaban jama'a da hannu wofi. Na lallashe ta da cewa an riga an buga fastar. Washegari ina zagayawa na hango ma'ajin ƙungiya a gabanta, ta ɗora tabarau a goshi, ta sa yatsa a kan jadawalin sakamako. Na matsa kusa. Ta tambayi yarinyar faranti nawa ta shuka a kowane rukuni. Ta ce uku. Ta tambaye ta ko farantan sun yi kama da juna. Yarinyar ta ce a'a, ɗaya ya tsiro sosai, ɗaya kusan babu komai, kuma wanda bai tsiro ba shi ne na kusa da taga. Farfesa ta ciro biro, ta juya bayan takardar makinta, ta zana mata yadda bambancin da ke tsakanin farantai uku zai iya haɗiye duk wani tasirin jiƙawar, ko da yana nan.

"'Yata, ba ki nuna cewa babu bambanci ba. Kin nuna cewa faranti uku ba su isa su gaya miki ba. Waɗannan maganganu biyu ne daban. Ki ƙara yawan farantan, ki riƙa sauya musu wuri da ƙuri'a, ki zo ki same ni da lambobin."

Yarinyar ta karɓi takardar da hannu biyu. Na ga ta ninke ta ta sa a cikin littafinta, sannan da mutum na gaba ya tsaya, da bakinta ta fara gaya masa matsalar tagar tun kafin ya tambaya. Wannan tsayuwa ba ta kai kwata na awa ba, kuma ba ta cikin kasafin da muka miƙa. Amma ba don an biya kuɗin buga wannan fasta ba, da waɗannan mutane biyu ba za su taɓa haɗuwa ba, alhali shekaru suna shiga ƙofar jami'a ɗaya. A wurina wannan ne abin da ƙungiya ta saya da kuɗinta.

Laccar ta yi armashi. Baƙuwar ta zo da kwalabe biyu na ruwa, ɗaya garau ɗaya gurɓatacce a ido, ta tambayi zauren wanne za su sha, sannan ta kwashe sauran lokacin tana bayanin dalilin da ya sa ido ba ya iya yanke wannan hukunci. Tambayar da ta fi jan lokaci daga wani ɗan sakandare ta fito.

Saura rahoto, kuma a nan ne nake da ƙorafi. Tsarin ƙungiyar shi ne ka kashe, ka kawo rasit, a mayar maka. Na fahimci dalili: kuɗin amana ne, kuma ma'aji za ta tsaya gaban mambobi ta yi bayanin kowane layi. Amma ma'anarsa a aikace ita ce sai wani ya fara fitar da kuɗin daga aljihunsa ya jira makonni. A namu, malamina ne ya sayi tikitin baƙuwa, ɗaya daga cikinmu kuma ya taɓa kuɗin da ya tara na rajista ya biya mai buga fastoci. Da ba mu da waɗannan mutane biyu, da wasiƙar amincewa ta zama takarda kawai. Tallafin da aka yi domin ɗalibai bai kamata ya dogara da samun ɗalibi mai rara ba. Akwai hanyoyi masu sauƙi: ƙungiya ta biya maɗaba'a kai tsaye bisa takardar farashi, ko ta ba da wani kaso tun farko da sa hannun mamban da ya tsaya wa masu nema.

Rasitan kansu suna son kulawa. Wanda aka buga a takardar injin kanti yakan dushe cikin ɗan lokaci, don haka muna karɓa muke ɗaukar hotonsa. Kowanne sai ya dace da layinsa a kasafi, kuma ba a ɗauke rarar wani layi a cike gibin wani sai da izini a rubuce. Mun sami 'yar rara a kuɗin masauki saboda baƙuwar ta koma da wuri, ba mu nemi a biya mu ita ba. Rahoton shafi biyu ne: adadin waɗanda suka sa hannu a rajistar shiga, jerin ayyukan da aka nuna, waɗanda suka ci kyauta, abin da ya tafi daidai da abin da bai tafi ba. Na rubuta batun aikin da muka ajiye saboda takardar ɗa'a, na ba da shawarar a sa wannan tambaya a fom ɗin tun farko. Na kuma rubuta ƙorafina a kan biya bayan kashewa, ba tare da kwana-kwana ba.

Sakataren ya amsa cewa tambayar ɗa'a za ta shiga sabon fom, amma sauya tsarin biya ya fi ƙarfin kwamiti, sai babban taron shekara na mambobi, kuma mamba ne kaɗai ke iya gabatar da ƙudiri. Na tambaya ko ɗalibi na iya shiga, ya ce akwai rukunin mambobi ɗalibai da rangwamen kuɗin shekara. Na cike fom a ranar. Ƙudirin yana hannun sakatare yanzu, malamina ya mara masa baya, kuma ma'ajin ta ce in zo da misalin yadda za a kare asusun idan aka ba da kuɗi tun farko taro kuma bai yiwu ba, domin wannan ce tambayar da mambobi za su fara yi.